Kayan wasan katako da na saya wa Auta, bayan wata huɗu muna amfani da su

Ni tela ce, kuma duk wanda ya taɓa zura zare a kafar allura ya san hannu ba a rana ɗaya yake ƙwarewa ba. Shi ya sa tun da na haifi Auta idona yake kan yatsunta. Ranar suna na sa mata yatsana a tafin hannu, ta damƙe gam, Inna ta ce yarinyar nan za ta yi riƙon dukiya. Daga baya malamar asibitin da muke zuwa rigakafi ta ce min kowane jariri da wannan damƙar yake zuwa duniya, ba da niyya yake yi ba. Wajen wata huɗu zuwa shida take sakinsa, sannan riƙo na gaskiya ya fara.

Tana da wata bakwai na ga tallar kayan a WhatsApp. Wata baiwar Allah ce a Kaduna take sayarwa, kafinta yake yi mata. Naira 18,000 har da kuɗin mota, ta sako min a motar Zariya na karɓa a tasha. Abu huɗu ne a kwalin: turke mai zobba biyar, 'yan bulo na katako guda 12, akwati mai ramuka da ake jefa kowace siffa ta raminta, sai ƙwallaye masu huji da igiyar zura su. A jikin kwalin an rubuta Montessori, an kuma ce daga wata 6 zuwa shekara 3. Wannan suna na wata likita ce 'yar Italiya, Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, ta dage a kan a bar yaro ya koya da hannunsa. Yanzu kowa liƙa sunan yake yi a jikin hajarsa, don haka ban saya saboda shi ba. Katakon na duba.

Kuma kafintan ya yi aiki, a nan sai dai a yaba masa. Na bi kowane bulo da yatsana ina neman sartse, ban samu ko ɗaya ba, an goge kusurwoyin sun yi sumul. Zobban suna da kauri daidai cikin tafin jariri, ba su da nauyin da zai fasa mata leɓe idan sun suɓuce.

Makon farko raina ya ɗan ɓaci. Na zata zan ga Auta tana jera zobba a turke kamar yadda aka nuna a bidiyon tallar. Ina! Ta ɗauki zobe da dukan tafin hannunta ta kai baki, ta mayar da shi hannun hagu, ta dawo da shi dama, ta buga a ƙasa, ta sake kai wa baki. Da muka je allurar ƙyanda tana wata tara na yi wa malamar ƙorafi, ta ce ai wannan sauya hannun shi ne karatun ɗan wata shida zuwa bakwai, kuma bugun da take yi tana sauraron ƙarar shi ma karatu ne. Ta ce in sa ido a kan abu biyu masu zuwa: tsinta da saki.

Tsintar na gani da idona, kuma ba a kan abin da na saya ba. Muna cin dafa-duka a tabarma, ƙwayar shinkafa ɗaya ta faɗi kusa da ƙafarta. A da yatsu huɗu take sa wa ta yayumo abu zuwa tafinta kamar mai tara gyaɗa. Ranar sai ta miƙe manuniya ta danna ƙwayar, ta ture ta gefe, ta kawo babban yatsa a hankali, harshenta a waje, yawu na zuba. Sau uku tana kufce mata. A na huɗu ta ɗago ta tsakanin yatsu biyu, ta tsaya tana kallonta kafin ta kai baki. Na ajiye cokalina na yi hamdala.

Sakin kuwa bulo ne suka koya mata. Ban taɓa sanin buɗe hannu da gangan ya fi damƙa wuya ba sai a kanta. Na ajiye mata kwanon silba, tana jefa bulo yana ƙara tana dariya, ta juye ta sake farawa. Yanzu tana wata goma sha ɗaya, tana zare zobban duka, tana mayar da ɗaya idan na riƙe mata turken. Ɗora bulo biyu sai bayan ta cika shekara, an ce min, ba na gaggawa. Yayanta mai shekara biyu da rabi yana jera bakwai kafin su rushe, kuma akwatin ramukan nasa ne, ita ba ta kai ba.

Sai abin da ya tayar min da hankali. Ƙwallayen nan girmansu kamar aduwa. Wata rana ina kan keken ɗinki na ji Auta ta yi shiru, na waiwaya na ga kumatunta a kumbure. Ƙwallo ne a bakinta, yayanta ya bar shi a ƙasa. Allah Ya kiyaye, na kifa ta a cinyata ya faɗo, amma jikina ya daɗe yana rawa. A Amurka doka ta hana sayar wa yaron da bai kai shekara 3 ba duk abin wasan da zai shige cikin bututu mai faɗin santimita 3.17. A gida ana iya gwadawa da kwalin tsakiyar tishu: abin da ya wuce ta ciki a ɗauke shi daga gaban jariri. Ƙwallayen nan duka sun wuce. Bai kamata a haɗa su a kwalin da aka rubuta wata 6 ba, igiyar ma ta yi tsawo.

Na biyu fenti. Na goge jan zoben da jiƙaƙƙen tsumma, tsumman ya yi ja. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake sarrafa zinare, ba zai yi wasa da wannan ba, tunda akwai fentin da ake sa wa dalma, kuma komai bakin jariri yake zuwa. Na tambayi mai kayan wane fenti ne, ta ce za ta tambayi kafinta. Ba ta yi min musu ba, ta ba ni haƙuri, cikin mako ɗaya ta aiko da zobba marasa fenti, ko sisi ban ƙara ba. Wannan halin nata ya sa ban fasa hulɗa da ita ba.

Inna tun farko ba ta ga dalilin kashe kuɗin ba. "Ke 'yar nan, mu da ludayi da ƙoƙo muka raini ubansu, 'yan mata kuma carafke suke yi da tsakuwa, wa ya fi su iya hannu?" Na ce, "Gaskiya ne, Inna." Kuma har zuciyata gaskiya ne, don murfin tukunya da faifai suna ɗauke wa Auta hankali kamar zobban. Inda muka saɓa shi ne hagu. Tana ganin Auta ta miƙa hagu sai ta janye abin. Na roƙe ta ta bari, domin malamar ta ce hannun da yaro zai fi amfani da shi ba ya bayyana sosai sai wajen shekara biyu zuwa uku. Abin kai wa likita shi ne jaririn da bai shekara ba ya riƙa aiki da hannu ɗaya kawai, ɗayan kullum a dunƙule. Cin abinci da dama za mu koya mata idan lokacinsa ya yi.

Ƙwallayen suna cikin durowar kekena, sai Auta ta yi barci nake fito wa yayanta da su, ina zaune kusa da shi ina ƙirga su kafin da bayan wasa. Ƙanwata ta haihu watan jiya, na riga na yi wa mai kayan magana ta haɗa mata turke da bulo kawai, ba fenti, ba ƙwallaye, ta ce naira 11,000. Na kuma roƙe ta ta gyara rubutun shekarun da ke jikin kwalin kafin ta aika wa wata uwar.