Sarƙar Zamanin Biktoriya da Zoben Shekarun 1940: Wanne Ne Mai Tofaz na Gaske?

Hajiya, kin tambaya wanne ya fi cancantar kuɗinki tsakanin kaya biyu da dillalin tsofaffin kayan ado ya nuna miki, wato sarƙar wuya ƙirar Ingila ta farkon zamanin Sarauniya Biktoriya mai duwatsu ruwan hoda, da zobe ƙirar shekarun 1940 mai ƙaton dutse ruwan ɗorawa, waɗanda duka aka ce miki duwatsunsu tofaz ne, wato wani nau'in dutsen ado mai daraja.

Darajar sarƙar tana cikin aikinta ne. Lokacin da Biktoriya ta hau gadon sarauta a 1837 gwal yana da ƙaranci a Turai, domin sai a 1848 aka gano na Kalifoniya, na Ostireliya kuma a 1851. Saboda haka maƙera kan ja gwal ya zama siririyar waya su nannaɗe shi, ko su buga shi fale-fale su tayar da zane ta baya, har kaya ya cika ido alhali a hannu sakayau ne. Tofaz ɗin wancan zamani yawanci daga Ouro Preto ta ƙasar Brazil yake, ana gasa shi a wuta har launinsa ya juye ruwan hoda. Ki juya sarƙar ki duba bayan duwatsun: idan a rufe yake ruf, to akwai yiwuwar an shimfiɗa ɗan fallen ƙarfe mai sheƙi a ƙarƙashinsu don ƙara launi, kuma da zarar ruwa ko turare ya shiga wurin, dutsen zai dushe. Hatimin karat da aka buga a jikin gwal ɗin ma shaida ne, domin Ingila ta yi amfani da karat 15 ne daga 1854 zuwa 1932 kawai, don haka sarƙar da ke ɗauke da shi ba a ƙera ta kafin 1854 ba.

Zoben kuwa ɗan Yaƙin Duniya na Biyu ne. Da aka keɓe filatinam, wani farin ƙarfe mai daraja, don aikin soja, maƙeran Amurka sun koma ga gwal mai karat 14, wani lokaci mai jaja-jaja saboda yawan tagulla, suna ɗora masa manyan duwatsu masu kusurwa huɗu. Ya fi sarƙar jure yau da gobe, kuma da yake bayan dutsen a buɗe yake, alwala ba za ta ɓata shi ba. Sai dai a nan nake da shakka, domin galibin manyan duwatsun ɗorawa na wannan ƙira sitirin ne, wato wani dutse dabam mai kama da tofaz, wanda dillalai suka daɗe suna sayarwa da sunan tofaz duk da ya fi shi araha nesa ba kusa ba. Masanin duwatsu zai raba gardama cikin ɗan lokaci: taurin tofaz 8 ne a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, na sitirin 7, sannan nauyin tofaz ya ninka na ruwa kusan sau 3.5, na sitirin kuwa 2.65. Duk da taurin nan, tofaz yana iya tsagewa gida biyu idan ya bugu da ƙarfi.

Idan aka kawo miki wani tsohon kaya mai tofaz shuɗi shar, ki sani an canza dutsen, domin sai a shekarun 1970 aka fara samar da wannan launi da yawa ta hanyar haska farin tofaz, irin wanda ake haƙa a Filato, da nukiliya.

Ni dai sarƙar zan zaɓa in an tabbatar da duwatsunta, zoben kuma in saye shi a farashin sitirin. Amma idan ajiya kike nufi kamar yadda ake yi da gwal ɗan Dubai ko ɗan Saudiyya, ko ɗaya bai dace ba, domin mai sayen gwal zai cire dutsen ya auna giram, kuma karat 14 kashi 58.5 cikin ɗari ne kawai gwal, alhali karat 21 kashi 87.5 ne.