Sharhi Kan Tantance Tsofaffin Sulallan Rabin Dala na Azurfa

Shekaru huɗu ke nan ina tara tsofaffin sulallan rabin dala na Amurka, musamman waɗanda aka buga a Filadelfiya tsakanin 1807 da 1836, masu hoton mace sanye da hula wanda John Reich ya zana. A bana ne na fara aika guda uku zuwa wani kamfanin tantancewa a nan Amurka inda nake zaune, domin a tabbatar mini da ingancinsu, a ba su maki, a kuma gano irin hatimin da aka buga kowanne da shi, wato ƙarfen da ke fitar da hoto da rubutu a jikin sule.

Abin da ya sa waɗannan sulalla ba su gagari mai matsakaicin ƙarfi ba shi ne, tun daga 1804 aka dakatar da buga dala ɗaya ta azurfa har zuwa 1836, sai rabin dala ta zama babbar tsabar azurfa da bankuna ke ajiyewa. Da yawansu sun kwana a jakunkuna ba su yi yawo a hannun jama'a ba. Rabin dala na farkon farko, kafin waɗannan, kuwa sai masu hannu da shuni, domin na 1796 da 1797 duka guda 3,918 aka buga.

Binciken inganci bai ba ni abin ƙorafi ba. Sulen gaske yana da nauyin giram 13.48, kashi 89 cikin ɗari da ɗoriya azurfa ne, kuma a gefensa an zana cewa santi hamsin ne ko rabin dala. Dukkan ukun sun tsallake, hankalina ya kwanta, ganin yadda jabu suka yawaita a kasuwannin intanet.

Inda na fi cin ribar kuɗina shi ne gano iri. A wancan zamani da hannu ake kafa taurari da lambobi da haruffa a jikin hatimin ƙarfe, saboda haka babu hatimi biyu da suka zo daidai, kuma kowace haɗuwa ta hatimin gaba da na baya iri ce mai zaman kanta. Al Overton ne ya jera su ya ba su lambobi a 1967, kowace shekara tana farawa daga O-101, har yau kuma da lambobinsa ake ciniki. Shekarar 1827 kaɗai tana da iri 49. Sulena na 1818 na saye shi ne a matsayin gama-gari, amma da na sa shi ƙarƙashin gilashin da ke ƙara girma sau goma, sai na ga wasu ƙahonni biyu ƙanana suna leƙowa ta saman 8 ɗin ƙarshe. Ragowar 7 ce, domin ma'aikatan ba su yar da hatimin 1817 ba, sun buga sabuwar lamba a kan tsohuwa saboda ƙarfen hatimi yana da tsada. Kamfanin ya tabbatar da haka, ya rubuta lambar irin a takardar, kuma wannan ɗan rubutu ya ɗaga darajar sulen fiye da abin da na biya na aikin.

A kan maki ne muka saɓa. Ana amfani da ma'aunin Sheldon, daga 1 zuwa 70, kuma na sa ran sulena na 1827 zai kai 45, sai aka ba shi 35. Na san dalilin: gashin da ke kusa da kunnen matar ya yi lebur, haka ma wasu haruffa a ƙyallen da ke saman kan mikiyar a baya. To amma kafin 1836 da injin dunƙule mai aiki da ƙarfin hannu ake buga waɗannan sulalla, kuma sau da yawa ƙarfen ba ya cika ramin hatimin a wurin da ƙirjin matar yake daura da ƙyallen. Raunin bugu daban, cinyewar hannu daban. A nawa sulen, sheƙin asali yana nan a tsakanin taurari da ƙarƙashin fukafukai, abin da ba ya saura a tsabar da ta sha yawo. Ina ganin mai duban ya yi gaggawa, kuma babu ko layi ɗaya na bayani da ya biyo makin.

Na ukun, na 1832, laifina ne. Na tashi a gidan da ake goge awarwaron azurfa da toka da lemun tsami har ya yi fari fat, kuma da wannan tunani na goge shi lokacin da na fara tarawa. Ya dawo ba maki, an rubuta cewa na gaske ne amma an wanke shi. Da na karkata shi ƙarƙashin fitila na ga siraran zane-zane jere a kumatun matar, duk daga tsummana. Baƙin da shekaru suka shimfiɗa a kan azurfa shi ne masu saye ke nema, kuma idan ya tafi ba ya dawowa yadda yake. A nan hukuncinsu daidai ne.

An ce mini mako huɗu, sai da na yi bakwai ina jira. Gidan robar da ake rufe sulen a ciki yana kare shi, sai dai yana rufe mafi yawan rubutun gefe, alhali a gefen ma akwai kurakuran bugu da masu tarawa ke bibiya, don haka ina shawartar kowa ya ɗauki hoton gefen kafin ya aika.

Zan sake aikawa, amma ba kowane sule ba. Gama-gari na 1830 zuwa 1836 da ya cinye, kuɗin aiki da na aikawa da inshora za su lashe rabin darajarsa. Wanda zan aika shi ne mai lamba kan lamba, ko irin da na riga na gano da kaina cewa ba shi da yawa, ko kuma na 1815, wanda guda 47,150 kawai aka buga, idan Allah ya hore mini shi.