Na'urar auna iskar jini ta yatsa: wata huɗu tana hannun Baba

A wani kantin magani a Gusau na saye ta, 'yar ƙarama kamar maƙalin shanya, tana cin batir biyu ƙanana. Likita ne ya ce mu nema, bayan hoton ƙirji ya nuna tabo a huhun Baba. Shekarun da ya yi a bakin injin niƙa dutsen zinare a yankin Anka ne suka biyo shi gida.

Ranar farko har na ji haushin kuɗina. Baba na kishingiɗe a tabarma, na maƙala masa a yatsa, ta nuna 95, wato kashi 95 cikin ɗari na iskar oksijin da jininsa ke iya ɗauka. Ya yi dariya ya ce, "Ka gani ko? Lafiyata lau, ku ne da likitanku." To amma mutumin da ba ya kaiwa masallacin unguwa sai ya dafa bango sau biyu fa?

Da na koma da ƙorafi, likitan ya zana min abin a bayan takardar magani. Jakunkunan iska na huhu, miliyoyi ɗari-ɗari, bangonsu ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, ta nan oksijin ke ratsawa cikin jini. Ƙurar dutse idan ta shiga, ƙwayoyin tsaro sukan haɗiye ta, ita kuma ta yayyaga su daga ciki. Sai wasu ƙwayoyin su shiga saƙa zaren kolajin don yin faci. A jikin fatar waɗannan ƙwayoyi akwai wasu ƙugiyoyi, integirin, masu riƙe da saƙar suna jin taurinta. Wurin na ƙara tauri, su kuma suna ƙara ba da umarnin saƙa. Haka huhu ke komawa kamar busasshen ƙirgi. A zaune jini na tafiya a hankali, yana samun lokacin ɗibar iska. Da an motsa, sai asiri ya tonu.

Washegari na auna shi a ƙofar gida bayan ya dawo daga sallar Azahar: 87. Baba ya daɗe yana kallon lambar, bai ce uffan ba.

Aibinta? Da asubar hunturu, in yatsa ya yi sanyi, sai ta yi ta ƙyafta ido ba lamba, sai na murza masa hannu tukuna. Inna ta gwada da baƙin lalle a farce, lambar ta riƙa tsalle. An kuma gargaɗe ni cewa a baƙar fata takan ɗan ƙara lamba sama da gaskiya, don haka 92 ba na sakin jiki da ita. Murfin batir ɗin ma ya karye tun wata na biyu, da roba nake ɗaure shi.

Duk da haka zan sake saye. Littafin da nake rubuta lambobin zaune da na bayan tafiya shi likita ke fara buɗewa yanzu. Ƙanena da ke son komawa bakin injin, na sa shi ya riƙa yi wa Baba awon da kansa.