Tes, manhaja ko makulli: wanne zai tare ɗan leƙen asirin gwamnati?

Ma'aikatar da ke riƙe da wutar lantarki, ruwan sha ko layukan sadarwa, ba ɓarawon kuɗi ne babban abin tsoronta ba. Ma'aikacin wata gwamnati ne, mai albashi, wanda ba ya gaggawa, kuma sau da yawa ta ƙofa yake shigowa da kalmar sirrin wani. A ƙarshen 2023 'yan Midnight Blizzard, ƙungiyar masu kutse ta gwamnatin Rasha, sun kai ga imel ɗin manyan Microsoft ta wani tsohon asusun gwaji da ba a sa masa kariya ta biyu ba, wato ƙarin shaidar da ake nema bayan kalmar sirri kafin a shiga asusu.

Kariya ta biyu mafi araha ita ce lambar da ake turowa ta tes. Da babu gara ba daɗi, amma iyakarta ke nan. A 2024 an gano ƙungiyar masu kutse ta Salt Typhoon, da Amurka ke dangantawa da Sin, ta shige cikin kamfanonin sadarwar Amurka AT&T da Verizon, har CISA, hukumar tsaron intanet ta Amurka, ta shawarci manyan jami'ai su daina dogaro da tes.

Manhaja irin Google Authenticator ta fi, tunda a wayarka take ƙirƙiro lambobi shida da ke sauyawa duk daƙiƙa 30. Sai dai in an yi maka shafin bogi, da hannunka za ka rubuta wa masu kutse lambar. Manhajar da ke turo maka tambayar "ka amince?" a waya kuwa, sai su yi ta damun mutum da tsakar dare har ya danna don ya samu barci.

Ni dai makulli zan saya, YubiKey ko Titan. Ɗan abu ne da bai kai yatsa ba, ka soka a kwamfuta ka taɓa. Shi yake duba adireshin shafin da kansa, in na bogi ne ko motsi ba zai yi ba. Google ya raba wa ma'aikatansa sama da 85,000 a 2017, ya kuma ce bayan haka ba a ƙwace asusun ko ɗaya ta saƙon yaudara ba.

Ka sayi biyu ga kowane mutum, don ɓacewa yake yi. Duba bakinsa, USB-A ne ko USB-C, da ko yana da NFC, wato yana aiki in an kara shi a jikin waya. In YubiKey ne, nemi sigar 5.7 zuwa sama, domin na baya suna da raunin da aka bankaɗo a 2024, kuma ba a sabunta su. Tsofaffin na'urorin masana'anta da yawa ba sa karɓarsa, ka gwada kafin ka yi oda. In kuɗi bai isa kowa ba, fara da masu kula da sabar da shugabanni.