Ƙyallen jiyotekstayil bayan damina: abin da ya yi min da abin da bai yi ba

Duk wanda ke da fili a gefen kwari a Gombe ya san halin ƙasarmu. Yashi ya yi mata yawa, ba ta riƙe kanta, ruwan Agusta in ya sauko da ƙarfi sai ya tafi da abin da ya samu. Ni matsalata ba saman ƙasa ba ce, ƙarƙashi ce: ruwa na bi ta bayan katanga yana yashe ƙasar da ke gindinta a hankali, har tsaga ta fara bayyana. Duwatsun da aka jibge a wurin tun da farko ba su hana komai ba, domin ƙasa na zurarewa ta tsakaninsu, duwatsun kuma suna nutsewa.

Wani injiniya ne ya ba ni shawarar ƙyallen nan da ake kira jiyotekstayil, nau'in da ba saƙa shi aka yi ba. Zaren roba ne, galibi folifurofilin ko foliyesta, aka cakuɗa shi aka caccake da allurai a inji har ya haɗe ya yi kauri. Aikinsa irin na ƙyallen tatar koko ne: ruwa ya wuce, tsaki ya tsaya.

Wuri biyu na sa shi. Na farko, muka haƙa rami a bayan katanga, muka shimfiɗa ƙyallen a ciki, aka zuba tsakuwa, aka kwantar da bututun roba mai huji-huji, aka ƙara tsakuwa, sannan aka naɗe bakin ƙyallen ta sama aka rufe da ƙasa. Nan mai nauyin giram 200 a kowace murabba'in mita na yi amfani da shi. Na biyu, a gangaren da ruwa ke faɗawa kwari, na sa mai giram 300 a ƙarƙashin kwandunan waya da aka cika da duwatsu, saboda kaifin dutse na iya huda mara kauri.

Sakamakon ya gamsar da ni. Ruwan da ke fita daga bakin bututun garau yake, alamar ƙasa ta daina tafiya tare da shi. Tsagar katanga ta tsaya inda take, kwandunan ma ba su karkace ba. Shimfiɗa shi kuwa ba wani abu ba ne, leburori biyu sun isa, almakashi mai kaifi ko wuƙa na yanka shi.

Amma fa yana da sharuɗɗansa, kuma masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Rana abokiyar gabarsa ce. Ragowar da aka bari a fili ya fara rauni, da ka ja shi sai ya yage. Ƙa'idar masu aikin hanya ita ce a rufe shi cikin kwana 14 da shimfiɗawa, kuma da irin ranarmu ni na fi son a rufe a ranar. Haka nan inda ƙyalle biyu suka haɗu dole ɗaya ya hau kan ɗaya da aƙalla santimita 30, in ƙasar mai laushi ce a ƙara. Sai ka tsaya a kan leburori a nan, don su a ganinsu asarar kaya ce, baki da baki suke so su haɗa. Ta wannan 'yar kafar ƙasa za ta samu hanya.

Kada kuma a bari ruwan wanke-wanke ya shiga ramin. Wani maƙwabcina ya haɗa kwatar kicin da nasa, maiƙo da dagwalo suka toshe ƙofofin ƙyallen, ruwa ya koma yana kwanciya. Wani kuma ya tambaye ni ko zai shimfiɗa a tafkin kifi don ya riƙe ruwa. Ina! An yi shi ne don ruwa ya ratsa. Mai tafki leda mai kauri yake buƙata, ƙyallen sai dai ya zauna a ƙarƙashinta ya kare ta daga tsinin dutse. Hanyar da manyan motoci za su bi a kan ƙasa mai taɓo ma, nau'in saƙaƙƙen ya fi dacewa, shi ya fi jure ja, wanda ba saƙaƙƙe ba miƙewa yake yi.

Batun daɗewa shi na fi yi wa injiniyan tambaya. Ya ba ni misalin madatsar ruwa ta Valcros a Faransa, inda aka sa irinsa a 1970, aka tono wani yanki bayan fiye da shekara 20 aka tarar yana aikinsa. In yana binne, ba rana, ruɓewa ba ta dame shi ba.

Inda na ga rashin gaskiya shi ne wajen saye. Wani ɗan kasuwa ya miƙo min naɗi ya ce mai giram 300 ne, hannuna bai yarda ba. Na sa aka yanko mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, aka ɗora a sikeli, bai ko kusa ba. Na bar masa kayansa na tafi wani shagon. Duk mai niyyar saye ya yi wannan gwajin kafin ya biya, ya kuma duba takardar da ke manne a jikin naɗin, wadda ke nuna nauyi da faɗi da tsawo.