Hanyar Kodály ko ta Orff ga malaman ƙananan yara?

Masu horar da malaman nazare suna yawan tambayar wacce za su ɗauka cikin hanyoyi biyu na koya wa yara waƙa da kiɗa, masu ɗauke da sunayen masanan kiɗan da suka assasa su: hanyar Kodály ta Hungary ko ta Orff ta Jamus.

Kodály murya ce jarinta, ba ta cin kuɗi. Malama takan fara da sauti 2, "so" da "mi" (na biyar da na uku a jerin sautukan waƙa do-re-mi-fa-so), tana nuna hawa da saukarsu da hannu. Sai dai horon na ɗaukar lokaci, kuma in kunnenta bai goge ba, kuskurenta yara za su haddace.

Orff kuwa daga tafi da buga ƙafa take farawa, sannan ganga da kacau-kacau. Tana da saurin kamawa, amma kayan kiɗan da tsada, kuma aji kan rikice da hayaniya.

Mai tsayayyiyar murya da ƙarancin kaya, Kodály ta fi dacewa da ita. Mai jin nauyin rera waƙa ta fara da Orff.