Tsohon jirgin faiba mai filafilai ko kwalekwalen katako: wanne ya dace da Dadin Kowa?

Malam, ka ce an yi maka tallar wani tsohon jirgin ruwa na faiba mai filafilai (manyan ƙyallayen da iska ke turawa) a Legas, samfurin Catalina 22, kana so ka riƙa fita da iyali a dam ɗin Dadin Kowa da ke jihar Gombe ranakun Asabar da Lahadi. Tambayarka ita ce, shi za ka saya, ko ka sa a ƙera maka kwalekwalen katako ka ɗaura masa inji.

Jirgin da aka yi maka talla ba na yarwa ba ne. A Kalifoniya ta Amurka aka fara ƙera irinsa a 1969. Tsawonsa ƙafa 22, nauyinsa kusan tan ɗaya, da ɗan ɗakin da za a miƙe ƙafa. Yawancinsu suna da wani ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashi wanda ke hana iska kifar da su. In an sake shi jirgin yana bukatar zurfin ƙafa 5, in an murɗa shi sama ƙafa 2 sun isa. Wannan ya dace da dam, inda ruwa ke ja da baya da rani.

Gangar faiba ba ta ruɓewa, gara ba ta cinta. Shi ya sa mai sayarwa zai yi ta bubbuga gefen jirgin yana rantse maka kamar sabo. Kada ka tsaya nan. Hau sama ka tattaka daɓen, domin katako aka dafe tsakanin faiba biyu. In ruwa ya shiga ta ramin noti, katakon ya ruɓe a ɓoye, za ka ji yana lotsawa kamar katifa. Duba wayoyin ƙarfen da ke riƙe da doguwar sandar da ake ɗaura filafilan, da wadda ke ɗaga ƙarfen ƙasa. Su kuma filafilan rana ce ajalinsu, ranar Gombe kuwa ba sai na ba ka labari ba. Duk abin da ya lalace cikin waɗannan, sai an aiko maka daga Legas ko daga waje, da kuɗin dala. Ga kuɗin jawo shi a tirela sama da kilomita 1,000.

Kwalekwale fa? Yana yoyo, kullum da gwangwanin kwarfar ruwa a hannu, kuma ba zai kai rabin shekarun faiba ba. Amma in ya tsage da safe, kafintan bakin ruwa zai toshe da ƙusa da kwalta, da la'asar ka koma ruwa. Injin Yamaha ma ba baƙo ba ne wajen masunta. Sai dai fetur, wanda shi ne kukan kowa yanzu.

Nan ne masu son filafilai ke cewa ai iska kyauta ce. Haka ne, amma ba ta jin umarnin kowa. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana busowa daga arewa maso gabas, tuƙi ya yi daɗi in hazo bai rufe ba. Da damina kuwa hadari kan taso daga gabas kafin ka gama ninke filafilan, kuma wanda bai koya ba ba zai san igiyar da zai fara saki ba. Wata rana kuma iskar ta ɗauke ɗif, ka tsaya cak a tsakiyar ruwan da dorinar ruwa ke ciki, ƙarfen ƙasa ya sarƙe da ragar wani masunci. Ka ga ke nan shi ma jirgin filafilan sai ka saya masa ƙaramin inji.

Da ni ne, tunda yawon iyali ne, kwalekwale mai faɗi zan sa a yi mini, da rumfa, in daina loda masa mutane fiye da kima, don lodi ne ke kifar da su. In kuwa filafilan ne suka shiga ranka, je Legas da kanka, ka hau jirgin tare da mai shi cikin iska, ya koya maka, sannan a yi ciniki. Ko wanne ka ɗauka, sayi rigar ceto daidai kowane yaro, kuma ka fara gaida sarkin ruwa ya nuna maka inda dorina ke kwana.